Dareta: Kafin a Kunna Kyamara

Duk furodusan da ke neman lokeshin na ƙauye, in ya ga Dareta sai ta burge shi: gidajen ƙasa, rumbuna, ga fili iya ganinka. Ƙauyen yana ƙaramar hukumar Anka, yammacin Jihar Zamfara. Amma fa mai karatu, nan ba Tiga ba ce, da za a sauke kaya kawai a hau rawa da waƙa.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, sanadiyyar daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Dareta na cikin ƙauyukan da abin ya fi shafa. Likitocin MSF suka zo, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, 'yan jarida kuma suka yi ta ɗaukar hoto. Wato mutanen nan sun san kyamara, amma a ranar baƙin cikinsu suka san ta.

Don haka baƙo ya fara da ƙofar mai gari. In aikin babba ne, a sanar da fadar Sarkin Zamfaran Anka. Namiji iyakarsa zaure, ko da kuwa shi ne darakta. Kada a doshi maƙabarta da kyamara. Ramin zinare ma yana da mai shi, sai an tambaya.

Hanya kuwa sai da shawarar 'yan gari, don 'yan bindiga sun daɗe suna addabar yankin. In suka ce yau ba ta biyuwa, to, a kwana a Anka.