Jinya ta Hanyar Aiki ga Yaron da Girmansa Ya Yi Jinkiri

Jinya ta hanyar aiki reshe ne na kiwon lafiya da ke koya wa mutum yin abubuwan da rayuwarsa ta yau da kullum ke buƙata, kuma idan aka zo kan yaro, aikin nasa shi ne cin abinci da hannunsa, sanya riga, zuwa banɗaki, wasa da tsaransa da riƙe fensir. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka a shekarar 1917, aka kuma kafa tarayyarsu ta duniya a 1952, amma har yau mutane da yawa a ƙasar Hausa suna cuɗanya ta da gashin ƙashi, alhali mai gashin ƙashi ya fi kula da ƙarfin gaɓoɓi da motsinsu, shi kuwa mai jinyar aiki damuwarsa ita ce ko hannun nan zai iya kai lomar tuwo baki.

Daga cikin yaran da suka fi buƙatarta akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni lokacin haihuwa ko a farkon rayuwarsu, saboda doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, ko shawara mai tsanani da ba a kai asibiti ba, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓin da aka bari ba motsi suna sandarewa, shi ya sa watannin da ake ɓatawa ana zargin iska ko mayu suke da tsada ƙwarai. Jaririn da ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ya cancanci a kai shi a duba, domin ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyi a shekarun farko.

Masu wannan jinya sukan fara da zama, domin yaron da bai zauna daidai ba hannayensa suna shagaltuwa da tokare jiki, ba su da sararin yin wani abu. Ana zaunar da shi a kusurwar ɗaki ko cikin kwando mai faɗi da aka tallafe da tsummoki, ƙugunsa a lanƙwashe, tafin ƙafarsa a dafe da ƙasa, kansa ya ɗan sunkuyo gaba. A wannan yanayi ne ya kamata a ciyar da shi. Al'adar ɗura, wato a kwantar da yaro rigingine a riƙa zuba masa kunu yana kuka, haɗari ce babba ga mai matsalar haɗiya, saboda abincin yana iya bin hanyar iska ya sauka cikin huhu, har ya jawo ciwon huhu mai dawowa. Kunu mai kauri ya fi sauƙin sarrafawa a baki fiye da mai ruwa-ruwa ga da yawa daga cikinsu, cokalin da aka naɗe mariƙinsa da tsumma ko roba har ya yi kauri yana zama cikin hannun da ba ya iya damƙewa sosai, kofin roba da aka yanke gefensa ɗaya domin hanci ya samu wuri yana ba shi damar sha ba tare da ya ɗaga kai baya ba. Hatta goyo yana da amfani, domin yana buɗe ƙafafun yaron da suka saba harɗewa.

Sauran kayan horon suna nan cikin tsakar gida. Tsintar wake daga faranti zuwa kwano tana horar da babban yatsa da manuniya, irin riƙon da yara kan fara tsakanin wata 9 zuwa 12, sai dai dole babba ya tsaya a kai don kada a kai ƙwayar baki ko hanci. Murza kwaɓin fulawa, matse soso, jera 'ya'yan dara a gurbi da zura igiya cikin murafun kwalba duk suna haɗa ido da hannu, suna kuma tilasta hannun da aka yi watsi da shi ya shigo aiki. Ƙa'idar da ake bi ita ce a rarraba aiki gida-gida, a bar wa yaro mataki na ƙarshe: uwa ta zura masa riga har wuya, shi ya ja ta ƙasa, idan ya ƙware a ƙara masa matakin da ya gabaci wannan. A nan tausayi kan yi ɓarna, domin gidan da ake yi wa yaro komai don kada ya wahala yana hana shi maimaicin da shi ne ainihin maganin.

Akwai kuma yaran da gaɓoɓinsu lafiya lau, amma ƙarar injin niƙa ko taɓin wani yadi yana firgita su. Wata Ba'amurkiya mai suna Jean Ayres ta yi bayanin wannan a littafinta na 1972, kuma ko da yake masana suna muhawara kan ƙarfin hujjar wasu dabarunta, lura da abin da ke tayar wa yaro hankali da rage masa shi ya fi duka da tsawa amfani nesa ba kusa ba.

Ƙwararru a wannan fanni ba su da yawa a Najeriya, galibinsu suna manyan asibitocin birane, kuma hukumar da ke yi musu rajista an kafa ta ne a 1988. Wannan ƙaranci ne ya sa dabaru masu araha suke da muhimmanci, irin waɗanda David Werner ya tattara a littafinsa na 1987 kan yara masu naƙasa a karkara, da fasahar haɗa kujeru daga kwali da takarda da kwaɓin fulawa wadda Bevill Packer ya ɓullo da ita a Zimbabuwe. Duk da haka, kujerar da ba a auna ta da jikin yaro ba tana iya karkatar masa da baya, saboda haka ziyarar ƙwararre, ko da sau ɗaya ce a 'yan watanni, ita ce ke daidaita abin da iyaye za su ci gaba da yi kullum a gida, kuma ya kamata uba ya halarta tare da uwa, tun da nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.