Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Kirya, Ɗorawa Da Gawo

Kirya da ɗorawa da gawo dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, domin dukkansu kwanso suke yi irin na wake. Amma je ka faɗa wa masassaƙi haka ka ga dariya. Kawuna da ke sassaƙa a Bakura, yana kai turame kasuwar Talatar Mafara, bai taɓa haɗa su ba. Kirya yake nema in za a yi turmi da taɓarya, ɗorawa kuwa ya ce ta kalwa ce, gawo kuma a bar wa awaki.

Da na zo jami'a aka sa mu yanka itatuwan nan sirara, muka duba a madubin ƙara girman abu. Sai ga ƙofofi birjik, watau bakunan jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Tun 1682 wani Bature ɗan Ingila, Nehemiah Grew, ya zana irinsu a littafinsa. Malaminmu ya ce in faɗin jijiya ya ninka biyu, ruwan da za ta ɗauka sai ya ninka goma sha shida, sai dai mai faɗi ta fi saurin shan iska ta toshe in fari ya tsananta.

To, a kirya na ga ƙaro ya cike jijiyoyin zuciyar itacen, ga zaruruwa masu kaurin bango sun kewaye su tam. Shi ya sa take da nauyi, gara ba ta cinta, maƙera ke son gawayinta. A ɗorawa da gawo kuwa, nama mai taushi ne ya yi yawa a tsakanin jijiyoyin, a nan itace ke ajiye abincinsa, a nan kuma ƙwari ke samun nasu. Ashe abin da kawu ya sani da gizago, shi madubi ya nuna mini. Gawo ma tun 1934 masana suka cire shi daga rukunin gabaruwa suka ba shi suna nasa, ga shi yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani.

Abin da ke damuna shi ne, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka share filaye masu yawa tsakanin Maradun da Mafara da Bakura don noman rani, sauran kiryar kuma masu gawayi na bi. Kirya ba ta girma da wuri, wanda ya sare ta yau, jikansa ne zai ga madadinta, in an shuka.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu zauna da masassaƙa da maƙeran garuruwanmu, mu rubuta abin da suka sani game da kowane itace, mu kuma raini kirya ko da guda ce a gonar gida. Allah Ya sa mu dace, amin.