Saura ƙiris in sayi giyabos saboda ƙura

Tun da aka ga motata ta yi kwanaki a gareji, duk wanda muka haɗu da shi bayan taro sai ya tambaye ni ko giyar ce ta tafi. Giya tana nan lafiyarta ƙalau, kuɗina ne suka kusa tafiya. Na ga gara in rubuta labarin a nan sau ɗaya, domin na san da yawa daga cikinmu irin waɗannan motoci na hannu muke hawa.

Motar 'yar Japan ce, ƙirar 2005, atomatik. Takardunta sun nuna a Amurka aka fara hawanta, kuma ta bi hannun mutum biyu a ƙasar nan kafin in saye ta bara wurin wani dillali a Jimeta. Wata biyar ban ji ko tarinta ba. Sai da hunturu ya ja baya, zafin Yola ya fara kunno kai wajen ƙarshen Fabrairu, sannan ta tsiro da wani hali. In na tsaya a mahaɗa na taka totur, sai ta yi kamar ba da ita nake ba. Daƙiƙa ɗaya, wani lokaci biyu, sannan ta zabura kamar dokin da aka tsikara. In ta miƙe kuma shi ke nan, ba ka cewa akwai wani abu. Na yi ta lallaɓawa ina cewa sai ƙarshen wata.

Abin da ya raba ni da lallaɓawar ya faru ne wata safiyar Talata. Na ɗauko Hajiya daga gida a Damilu zan kai ta a duba hawan jininta. Da na zo hawa babban titi na hango tifa ta ɗauko yashi, amma tazarar ta ishi kowace lafiyayyar mota. Na taka, motar ta sa kai har tsakiyar titi, ta cije. Ban san ko daƙiƙa nawa aka yi ba, abin da nake tunawa shi ne ƙarar hon da salatin Hajiya. Allah ya kiyaye, direban ya kauce. Da muka tsaya gefe Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Tsayar mini da Keke, ka same ni can."

Ranar na kai wa bakanikena. Dattijo ne, shekara da shekaru muna tare, kuma ban taɓa kama shi da cuta ba. Ya ce fulogi ne, aka canza guda huɗu. Kwana biyu abin ya dawo. Ya ce nozul ne, aka wanke. Bai canza zani ba. Karo na uku ya zaga da ita unguwa ya dawo, ya kashe, ya yi shiru, sannan ya ce, "Sakatare, giyar nan ta gaji. Gara a nemo ta Beljiyam a ɗora." Kuɗin da ya faɗa sun haura albashina na wata uku. Har na fara lissafin karɓar adashi kafin kwasata ta zo, ga kuɗin makarantar yara na zango na uku a gaba.

Uwargida ce ta taka mini birki. Ta ce, "Maigida, ai ko likita sai ya yi gwaji kafin ya yanka mutum. Wane gwaji aka yi wa giyar?" Ba ni da amsa. Gaskiya ba a yi ba, kunne kawai aka sa.

Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya koyo aikin wayarin mota a Fanteka ta Kaduna. Ina ganinsa kullum, amma ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba saboda a gabana aka haife shi. Na kira shi. Kafin ya buɗe bonet ya yi mini tambayar da ba wanda ya yi mini a baya: "Bappa, lokacin da take cijewar, allurar juyin injin tana tashi ko tana tsayawa?" Na ce ban taɓa lura ba. Ni dai ta gudu da ta mai nake kallo.

Muka fita hanyar Numan inda akwai sarari, ni ina tuƙi shi yana kallon allura. Bayanin da ya yi mini a hanya shi ne abin da ya fi kowane amfani a wannan labari, don haka ku riƙe shi. In ka taka totur, injin ya yi kuka, allura ta haura dubu uku ko huɗu amma motar ba ta ja daidai da kukan ba, to ƙarfi yana fitowa daga injin, a giya yake zubewa. Wannan shi ne sulɓin giya. In kuwa ka taka allurar ta tsaya cik, ko ta ɗan yi ƙasa kafin ta tashi, to injin ne bai bayar da ƙarfin ba tun farko, giya ba ta sami abin da za ta miƙa wa tayu ba. Tawa ta biyun ce. Sau biyar muka gwada, sau biyar allurar tana yin ƙasa kaɗan sannan ta tashi, kuma da ta tashi motar ke ja.

Na tambaye shi to me ya sa nake jin kamar bugun giya in ta zabura. Ya ce a motar atomatik kwamfutar mota ce ke zaɓar lokacin canza giya, kuma tana dogara ne da labarin da take samu daga injin: yadda aka taka totur, nauyin da injin ke ɗauka, da gudun mota. In labarin ya zo a karkace, canjin giyar ma sai ya zo a karkace. Shi ya sa ciwon injin ke shiga rigar ciwon giya, har ya ruɗi wanda ya daɗe a sana'a. A nan na daina jin haushin dattijona. A kan Peugeot 504 mai kafireto ya koyi aiki, motar da kunne da sukudireba suka isa a gane damuwarta.

Duk da haka yaron bai wanke giyar da baki kawai ba. Muka tsaya a wuri mai daidai, injin da zafinsa yana aiki, giya a P, ya zaro sandar gwajin man giya ya goga a farin ƙyalle. Man ja ne da ya ɗan yi duhu, yana kan layi, ba ƙaurin ƙuna. Ya ce da ya ga baƙi mai warin ƙonewa, ko da motar tana jinkirin kamawa in an sa D ko R, da maganar ta canza. Ya kuma gargaɗe ni kada in yarda a zuba mini kowane jan mai don kawai ja ne. Kowace giya da irin nata, yawanci a rubuce yake a jikin sandar ko a littafin motar.

Daga nan ya ce in murɗa makulli ba tare da na tayar ba. Fitilun gaban direba suka kama, ta batir, ta baƙin mai, ta birki. Ya ce, "Ina mai hoton injin?" Babu ita. Ashe wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin ni ya cire ƙwan fitilar don kada mai saye ya gani. Wata nawa motar tana ƙoƙarin gaya mini damuwarta, an toshe mata baki. Duk wanda zai sayi mota ta hannu, don Allah ya yi wannan gwajin a gaban dillali. Fitilar ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in injin ya tashi.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai ramuka 16. Tun 1996 doka ta wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a Amurka, ana kiran tsarin OBD-II. Ya jona 'yar na'urarsa, ta nuna P0171. Ma'anarta iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan a cakuɗen da injin ke ƙonawa. Abin da ya burge ni shi ne bai ce na'ura ta ce a canza kaza ba. Ya ce lambar alama ce kawai, kamar a ce mutum yana zazzaɓi. Mai yiwuwa iska na satar hanya ta wata tsaga a roba, ko famfon mai ya yi sanyi, ko sensar da ke auna iska tana ba da labarin ƙarya. Sai a fara da wanda ya fi araha.

Ya lanƙwasa robar da ta taso daga akwatin iya kilina yana neman tsaga, bai samu ba. Da ya buɗe akwatin kuwa, sai ga matatar ta yage a gefe, yagewar da yatsa biyu za su shiga. Laifina ne. Duk sabis sai in ce a hure ta da iskar falkanaiza a mayar, don in tsira da kuɗin sabuwa. Ta wannan yagewar ƙurar hunturu gaba ɗaya, haɗe da ta layukanmu na Damilu, ta riƙa wucewa. Bayan matatar kaɗan sensar take, wadda makanikai ke ce wa iyafulo. A cikinta akwai wata siririyar waya da ake zafafawa da lantarki. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfuta ke sanin yawan iskar, ta saki mai daidai da ita. Tawa ta yi bargon ƙura ja. Iska na shiga da yawa, ita tana cewa kaɗan ce, kwamfuta na sakin mai kaɗan. Daidai lokacin da na fi buƙatar ƙarfi, lokacin injin ke jin yunwa.

Ya fesa mata maganin da aka yi musamman don wanke ta, bai taɓa wayar da hannu ko burushi ba, ya bar ta ta bushe. Ya ce da yawa a nan suke kashe sensar, su wanke da fetur ko su soka tsinke. Muka sa sabuwar matata, ya goge lambar, muka haye gada muka nufi Girei. Tun daga tashin farko na ji bambanci a ƙafata.

Ba zan ce ta warke sarai a ranar ba. Da rana tsaka, in tanki ya yi ƙasa, takan ɗan yi nauyi a hawa. Wannan ma ni na jawo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na koma zuba kaɗan-kaɗan, allura kullum a kan ja, wani lokaci ma a wurin 'yan bumburutu. Famfon yana cikin tanki ne, fetur ɗin ke sanyaya shi, kuma duk dattin da ya shiga tanki a matatarsa yake taruwa. Da aka ciro shi, matatar ta yi baƙi ƙirin. Aka canza ta, aka auna ƙarfin famfon, yaron ya ce zai kai ni wani lokaci in na daina barinsa da ƙishi. Duk abin da na kashe, har da ladan aikinsa da mayar da ƙwan fitilar, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin giyabos ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne komawa wurin dattijon. Na je da tsohuwar matatar a leda na nuna masa. Ya juya ta, ya sa yatsa a yagewar, ya ce, "Sakatare, wannan yaron ɗan gidan wa ne?" Na gaya masa. Ya karɓi lambarsa. Makon jiya na wuce garejin na hango yaron zaune a cikin wata mota da na'urarsa, dattijon na tsaye a bakin ƙofa yana leƙe.

Hajiya dai har yanzu ba ta gama yarda ba. Jiya ta shiga, amma da muka zo mahaɗar nan sai da ta ce in bari duk motocin su wuce tukuna.