Ina Ruwan Zai Bi?

Da aka ce wannan makon ni ne da rubutu, na yi niyyar kawo wani abu a kan gina taurari a cikin labari. Sai na zauna na ga tun bazara babu abin da ya cika min kai kamar ɗan filin da ke tsakanin get ɗin gidanmu da ƙofar zaure. Ku yi haƙuri, labarinsa za ku ji.

Filin bai taka kara ya karya ba. Tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 5, da darbejiya guda a gefen yamma. Gidan yana ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka ɓulla a gefen Kano ta wajen Kumbotso, irin waɗanda aka yanka filaye aka sayar kafin a yi tunanin lambatu. Shekara da shekaru ƙasa ce zalla a wurin, kuma babu wanda ya damu, har sai da Yayanmu da ke aiki a Abuja ya saya wa Baba mota 'yar Kwatano. Daminar bara, wata Juma'a, motar ta kafe a tsakiyar filin. Mu huɗu muka tura, taya ta yi ta juyawa tana watsa taɓo, Baba ya fito don ya ga abin da ake ciki, farar shaddarsa ta koma kalar ƙasa. Sai da ya sake kaya, ya hau acaɓa, ya iske an kusa tayar da salla.

Labari ya kai Abuja. Da rani ya yi Yaya ya turo kuɗi, ya kira ni ya ce, "A shafe wurin nan gaba ɗaya, kada in ƙara jin maganar taɓo. Ba kai ne injiniyan gidan ba?" Difloma gare ni a fannin gine-gine daga kwalejin kimiyya da fasaha, kuma tun da na gama babu wanda ya taɓa ba ni aikin da ya fi gyaran famfo. Don haka na ɗauki abin da zafi. Na sayi sabon littafi, na ja layi, na jera abubuwan da ake shimfiɗawa.

Kwalta ban ɓata lokaci a kanta ba. Babu mai ɗauko injin daddanna hanya ya kawo shi lungu saboda filin da bai kai rabin masallacin unguwa ba. Marmara ta fi komai araha, tifa biyu sun isa, amma na san abin da jar ƙura za ta yi wa shanyar Umma da hunturu, kuma in ta jiƙa santsi take yi. Tsakuwa na rubuta ta na soke nan take, don a idona a lokacin aikin wanda kuɗinsa bai kai ba ne.

Ya rage saura biyu, intalok da kankare, kuma a nan na daɗe. Intalok shi ne yayi, duk gidan da ya amsa sunansa shi za ka gani. Yana da abin yabo na gaske: in bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashi, sai a ɗaga 'yan duwatsun a gyara a mayar, babu fasa-fasa. Mai kaurin santimita 6 ya isa ƙaramar mota, mai 8 kuwa na inda manyan motoci ke shiga ne. Sai dai na zaga wurin masu bugawa a bakin titi, na ga yadda wasu ke jan buhun siminti guda har ya haifi abin da bai kamata ya haifa ba. Ka goga gefen dutsen da babban yatsa ka ga yashi na zuba, ka haɗa biyu ka ƙwanƙwasa ka ji sauti a dushe. Kuma ko ka sami mai kyau, ba dutsen ne ke riƙe mota ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. In ba a daddanne ƙasa sosai ba, ba a shimfiɗa yashi daidai ba, ba a ɗaure gefe da kaba ba, damina biyu za ka ga wurin ya yi tudu da kwari, tururuwa sun kwashe yashin tsakani, ciyawa ta leƙo.

Kankare kuwa lissafinsa a hannuna yake, shi na fi so tun a makaranta. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kaurin santimita 10 a kan murabba'in mita 60 zai ci buhu kusan 38. A farkon 2024 buhu ya haura naira dubu goma, kuɗin tifa ma ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma abin da Yaya ya turo zai ɗauka in an matse. Na zana wurin, na ba shi gangara ta santimita 2 a kowace mita zuwa kusurwar gabas, inda dama ƙasar ta fi sauka, na sa bututu ya huda katanga ya fitar da ruwa waje. Na ja layi biyu a ƙarƙashin jimla. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Umma ce ta fara kawo cikas. Ta ce in aka zuba siminti har gindin darbejiya, da me bishiyar za ta sha ruwa? Ta ce da bazara a filin nan ake shimfiɗa tabarma bayan isha'i, kuma siminti yana haɗiye rana tun safe ya riƙa amayar da ita har tsakar dare. Daga nan ta shiga labarin ƙauyensu, yadda in za a kai amarya mata ke taruwa su yi daɓe. A zuba ƙasa da 'yar tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, kowace ta ɗauki madaɓi, ana duka ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi. Na ce, "Umma, daɓe ba ya ɗaukar mota." Ta ce, "Ni ban ce a yi daɓe ba, Injiniya. Na ce ƙasa tana shan ruwa, simintinka kuwa tofarwa yake yi." In ta kira ni Injiniya na san ba yabo ba ne.

Bari in ɗan ratse, tunda a cikin marubuta nake. Waƙoƙin daɓe suna cikin waƙoƙin aiki na mata da ake nazari a sassan Hausa na jami'o'i, tare da na niƙa da na daka. Ranar ce na fara lura cewa buhun siminti bai tsaya a canza ɗakin amarya kawai ba, ya ɗauke dalilin taron, waƙar kuma ta bi shi. Wanda ke da kaka a raye ya kunna rikoda tun da wuri.

Ban saurari Umma ba. Na yi odar yashi, tifa ta juye a ƙofar gida. Washegari bayan la'asar sai ga maƙwabcinmu na gabas, dattijo ne, malamin allo, gidansa ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti ta waje. Muka gaisa, ya yi murna da aikin, ya yi addu'a Allah ya sa a gama lafiya. Har ya juya sai ya ce, "To ɗana, ruwan fa, ina zai bi?" Na nuna masa inda bututun zai fito. Bai ce komai ba, ya ce in biyo shi.

Tsakanin katangarmu da bangonsa lungu ne da bai fi taku uku ba. Ya durƙusa ya nuna min gindin bangon. Shafen siminti ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar ciki ta zaizaye har hannu na shiga. Ya ce wannan ya fara ne shekarar da gidan sama da mu suka shafe harabarsu suka sako ruwa lungun. Bayan bangon nan ɗakin da almajiransa ke kwana ne. Bututun da na zana zai fito ne daidai saitin ramin.

Daren nan na koma kan littafina, na yi lissafin da ya kamata in fara yi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin na watan Agusta, filinmu kaɗai zai tara lita 3,000. Jarka 120 ke nan ta 'yan garuwa, ban da abin da indararo ke zubowa daga rufin kwano. A yanzu ƙasa tana shanye wani, ta riƙe wani ya zama taɓon da muke kuka da shi, sauran ya sulale a hankali. In na shafe wurin, kusan duka zai fito ta bututu guda cikin ɗan lokaci, ya doki bangon Malam. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne an koya mana wannan, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma duk zanen da na taɓa yi a makaranta a layin katanga yake ƙarewa, abin da ke bayan layin farar takarda ce.

Da na kira Yaya ba a kwashe da daɗi ba. Ya ce shi kuɗinsa ya bayar a yi aiki mai kyau, ga bikin ƙanwarmu na tafe, a ina za a kafa rumfa? Ya ce lungu na gwamnati ne, kowa a unguwar can yake sakin ruwansa, don me namu ne zai zama laifi? A gaskiya yana da hujja. Rashin lambatu ba mu muka jawo shi ba, kuma ko mun bar filinmu yadda yake, gidan sama ba zai daina sako nasa ba. Na ce masa intalok ma zai rage, don ruwa na ɗan bi ta tsakanin duwatsun, amma da zarar ƙura ta toshe tsagar sai ya koma kusan kamar kankare. Ya ce na cika iyayi. Baba yana zaune yana jin mu, sai ya karɓi wayar ya ce, "Kai salla-salla kake zuwa. Ni sau biyar a rana nake haɗa kafaɗa da mutumin nan a sahu. In bangonsa ya faɗa kan yaran mutane, da wane ido zan dube shi?" Maganar ta tsaya a nan, ko da yake ban ce ran Yaya ya so ba.

Abin da muka yi a ƙarshe ba ya cikin jerin da na rubuta. Mota ai ba ta taka fili duka, taya ce ke taka layi biyu. Sai muka zuba kankare layi biyu, kowanne faɗin santimita 60, kaurin 12, daga get zuwa inda take kwana, aka yanka tsaga duk bayan mita biyu don in zai tsage ya tsage a nan. Buhu 11 ya ci. Tsakanin layukan da gefensu muka daddanne ƙasa muka zuba tsakuwar da na raina. Gindin darbejiya aka kewaye da bulo aka bar masa ƙasarsa. Sannan aka haƙa rami, nesa da tushen gini gwargwadon yadda filin ya bari, aka cika shi da fasassun bulo da duwatsu, aka karkata ruwan indararo zuwa cikinsa. Katanga ba a huda ta ba.

Rigimar ƙarshe da birkila ce. Yana so ya ƙara ruwa a kwaɓi don shebur ya yi sauƙi, ni kuma na san ruwan da ya yi yawa ƙarfin kankare yake ci. Na tsaya a kansa har ya ce yaran yanzu da takarda suke gini. Bayan an zuba na rufe da tsofaffin buhuna, ina ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Na so motar ta jira kwana 28 da kankare ke cika ƙarfinsa, Baba ya haƙura da mako biyu tana kwana a gidan abokinsa, ya ce abin ya isa haka.

Yaya ya zo Babbar Salla. Ya tsaya a bakin get ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ai layin dogo ka yi mana." Na mayar masa da ragowar kuɗinsa, ya karɓa bai ƙirga ba. Umma ma ba ta bar ni ba, don tsintsiya ba ta shiri da tsakuwa, ganyen darbejiya sai an tsince da hannu. Baba in zai yi baya da daddare yakan sauka daga layin, mu ji ƙarar tsakuwa har cikin ɗaki. Jikokin gidan kuwa sun sami abin jifa.

A tsakiyar Agusta aka yi ruwan da nake jira, tun ƙarfe ɗayan dare. Na fito zaure da tocila. Ramin ya cika, ruwa ya kwanta a kan tsakuwa har ya rufe layin kankaren, gabana ya faɗi na ce shi ke nan, na kunyata. Na koma na kwanta ban yi barci ba. Da asuba na leƙo, ruwan ya janye, sai ganye da ya bari a kan duwatsu. Baba ya tayar da mota ya fita ba tare da an tura ba.

Da rana ta ɗaga na zagaya lungun. Ruwan gidan sama ya bi ta nan kamar kullum, gindin bangon a jiƙe yake, amma ramin bai ƙaru ba. Malam yana tsaye da almajirai biyu suna cusa ƙasa. Bai yi maganar filinmu ba, ni ma ban yi ba. Tambayata kawai ya yi ko akwai ragowar tsakuwa. Akwai kwanon sarki kamar shida a bayan zaure, na kwaso masa, muka jera a gindin bangon.

Shekaranjiya Yaya ya turo min hoton wata haraba a Abuja, intalok ja da toka, an yi masa zanen tauraro a tsakiya. Bai rubuta komai a ƙarƙashi ba. Ban ba shi amsa ba tukuna, bikin kuma saura wata uku.