Shanun nono da maganar bio

Illela, jihar Tawa

Aminina,

Ya zafin Konni?

Saƙonka ya iso, har da batun mai da garkenka na bio, wato ba takin zamani, ba feshin magani a abincin dabba. Na ji daɗi, amma bari in faɗa maka gaskiya: ba rashin takardar shaidar bio ne ya hana shanunmu nono ba, rani ne. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, saniyar da ke cika ƙwarya da damina sai ka ga ana matsar hantsarta da ƙyar, ɗan maraƙi na gefe yana kuka. Ka kuma tuna tsadar dusa lokacin da aka rufe iyaka a 2023.

Don haka ka fara da ciki. Filinka na noman rani, wanda ruwan madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, ka ware wani yanki ka shuka wake saboda harawa, ka zuba masa kashin shanunka. Ka daina sayen harawar da ba ka san gonarta ba, domin ka ga irin feshin da ake yi wa wake da albasa daga nan har Galmi. Gawon gonarka kuma kada gatari ya taɓa shi, 'ya'yansa na zuba daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Shanun da ke yawo cikin gari suna cin leda ba su da rabo a wannan sana'a.

In ni ne, zan kai tsofaffin shanun kasuwar Badagishiri in rage garke, in riƙe azawak kaɗan masu nono.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, wato barin allurar rigakafi. Ko a Turai, inda sai fili ya yi shekara 2, shanun nono kuma wata 6, ana bin ƙa'idar bio kafin a ba su shaida, ba a hana rigakafi ba. Saniya in ta kwanta a yi mata magani, sai dai a jinkirta sayar da nononta.

Takardar kuwa ka bar ta tukuna. Mai furar da ke dama garin madarar waje saboda araha ba za ta ƙara maka ko dala ba don hatimi. Kindirmo mai kauri da cuku mai tsabta su za su kawo maka masu saye.

Ka gaida Hajiya da yara. In ka shigo cin kasuwa ka biyo mu ƙarasa maganar.

Naka,
Amininka