Buji ba turke ba ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wannan wata zancen buji zan yi muku. Ni ba makanike ba ne, malamin yaƙi da jahilci ne. Amma ajinmu yana dab da tasha, kuma cikin ɗalibaina akwai yaran mota uku.

Buji shi ke ba da tartsatsin da ke kunna esansi cikin inji. Motar gazuwal ba ta da irinsa. Amma babur da injin ban ruwa na garka, in masu shan esansi ne, suna da shi. Ke nan zancen ya shafe ku ko ba ku da mota.

A jikin buji akwai haƙora. A ramin da yake shiga ma akwai haƙora. Buji ƙarfe ne mai tauri. Kan inji kuwa, wanda makanikai ke ce ma kilas, a yawancin motoci na alminiyam ne, irin wanda ake zuba tukwane da shi. Haka yake a Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 ta 1968. In aka tilasta buji, haƙoran kilas ke zubewa. Buji kuɗinsa kaɗan ne. Kilas kuwa sai an saida dabba.

A kakar albasa da ta wuce na ga haka da idona. Wata motar kasuwa ta ɗauko buhunan mutanen garinmu, tana tari. Direba ya ce ma yaronsa ya duba buji, shi ya tafi shan shayi. Yaro ya kwance shi inji na da zafi. Ya mayar da shi a karkace. Da ya ji ya cije, sai ya zura bututu a makulli ya murɗa da ƙarfinsa. Ba su bar gari ba buji ya yi tsalle ya fito, da ƙara kamar ta bindiga. Albasa ta kwana biyu a tasha, rana na dukanta. Direba ya mari yaron. Ni a ganina laifin direba ne. Shekara guda yaron yana wanke masa mota, bai taɓa zaunar da shi ya nuna masa ba.

Abin ba wuya. A bari inji ya huce tukuna. A hure rairayin da ya taru a bakin rami kafin a kwance. Ƙasarmu akwai ƙura, kuma in rairayi ya faɗa ciki yana cin inji. Wajen mayarwa, a fara da yatsu, ba da makulli ba. Buji mai tafiya daidai yana shiga da sauƙi. In ya cije tun murɗa ta ɗaya ko ta biyu, a fiddo shi a sake. Sai ya zauna sannan a sa makulli. Sabon buji mai zobe, rabin juyi ya ishe shi. Wanda aka taɓa ɗaurawa, kada ya wuce kwatan juyi, don zobensa ya riga ya matse.

Akwai kuma maganar tsawo. Kaurin haƙoran buji na yawancin motocinmu milimeta 14 ne, amma tsawonsu ba ɗaya ba. Akwai na milimeta 19, akwai gajere na kusan 13. In aka sa dogo a gajeren rami, yana iya bugun fistan. In aka sa gajere a dogon rami, baƙin hayaƙi ya cike haƙoran da suka rage. Baƙaƙe da lambobin da ke jikin buji su ke faɗin irinsa. Yaran ajina yanzu suna kwafe su a takarda kafin su je kanti.

In haƙoran sun ɗan taɓu kawai, makanike yana bin su da ƙarfen gyaran haƙora. Ku tsaya ku ga ya shafa masa giris, don garin alminiyam ya manne, kada ya faɗa cikin inji. In sun zube duka, ana faɗaɗa ramin a dasa murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, ta zama sabbin haƙora. Wannan aikin gareji ne. Kada ku yarda a naɗa ma buji tsumma ko zare a ce an gyara. Wuta za ta cinye su tun ba ku kai kasuwa ba.