Ƙashi Yana Riga Zuciya Warkewa

Mu mutanen Argungu ba a koya mana ruwa. Yaro yakan iya iyo tun bai iya wanke allonsa ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kabanci ya ga tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu. Keke ma ba baƙonmu ba ne. Kafin kabu-kabu ya cika gari, a kan Rali muke kai busasshen kifi Birnin Kebbi, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, mu bi ta Ambursa. Abin da ban taɓa ji ba sai da furfura ta cika mini kai shi ne a haɗa iyo da keke da gudu a gasa ɗaya: mutum ya fito daga ruwa a jiƙe ya haye keke, ya sauka ya kama gudu, ba hutu. Jikana ne ya nuna mini a waya. A Amurka aka fara ta a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a 2000. Babbarsu, wadda ake kira Ironman, iyo ne na kusan kilomita 4, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.

Cikin masu wannan neman wahala, labarin wani ɗan Ingila mai suna Tim Don ne ya zauna mini a rai. A watan Mayun 2017 ya gama gasar a Barazil cikin awa 7 da minti 40, lokacin da ba wanda ya taɓa yi a gasar Ironman. A watan Oktoba, saura kwana kaɗan a yi gasar duniya a Hawayi, mota ta kaɗe shi yana atisaye a kan keke, ƙashin wuyansa ya karye. Da an yi masa tiyata an haɗe ƙasusuwan, da wuyan ba zai ƙara juyawa yadda mai iyo yake bukata ba. Sai ya zaɓi a sa masa wani kewayayyen ƙarfe a ka, an ɗaure shi da ƙusoshi huɗu a ƙoƙon kai, ya yi wata uku da shi, barci ma a zaune. A Afrilun 2018 ya yi gudun fanfalaki na Boston cikin awa 2 da minti 49. Da Oktoba ta zagayo ya koma Hawayi ya gama gasar. Bai zo cikin na gaba-gaba ba.

Jikan nawa ranar gamawar yake ta maimaita mini. Ni kuwa wata ukun nan nake dubawa, don na san su.

Ina cikin ƙarfina wata babbar mota ta ture ni a hanyar Birnin Kebbi, da mangalar kifi a bayan keke. Cinya ta karye, kafaɗa ta goce. Mai ɗori ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare, ya ce kada in kuskura in taka sai ya ce. Zafin ja ɗin nan na ɗan lokaci ne. Abin da yake cin mutum shi ne kwanciya: damina ta sauka, kana jin maƙwabta suna fita fadama da asuba, kai kuwa ko buta sai an miƙo maka. 'Yan dubiya su cika zaure a makon farko, daga nan su yi ta raguwa, sai ka ga daga kai sai mai ɗakinka, Allah ya saka mata da alheri. Na ga majiya ƙarfi da suka kasa jure wannan, suka kwance ɗori da kansu don zuwa cin kasuwa guda, suka ƙare rayuwa da ɗingishi.

Da aka ba ni izini, ruwa na fara komawa. Ƙafar da ba ta iya ɗaukata a tudu, a cikin gulbi sai ta yi ta motsi, domin ruwa ne yake ɗauke nauyin, ni kuwa ina rungume da gora. Tafiya ta biyo baya, da sanda, sannan ba sanda. Keke ne ya zo ƙarshe, kuma a nan na gane abin da mai ɗori bai da maganinsa. Ƙashi ya haɗe sarai, amma da na ji ƙugin mota a bayana sai hannu ya kama rawa, in sauka in koma gefen hanya in tsaya kamar mai jiran wani. Ban gaya wa kowa ba. Namiji a wancan zamani ba ya cewa yana tsoron keke. Da kaɗan-kaɗan na lallashi kaina, cikin unguwa tukuna, sai bayan gari da sassafe, kafin na sake fuskantar babbar hanya. Shi ya sa da na ji Baturen nan ya koma tsibirin da aka kaɗe shi ya sake hawa keke, ban tambayi na nawa ya zo ba.

Daga baya na sake shiga bikin kamun kifi a gulbin Matan Fada, bikin da aka soma tun 1934 sa'ad da Sarkin Kabbi Muhammadu Sama ya karɓi baƙuncin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Aka harba bindiga, dubban masunta suka ruga, ni ina can baya da komata da gorata, ina gudun da ƙafar ta yarda da shi. Giwan ruwa na wasu ne ran nan. Ni dai sai da aka tashi na fito.

Yanzu yaran da ake kawo mini labarinsu yawanci 'yan kabu-kabu ne, kuma karayarsu ta fi tamu muni, don babur ba keke ba ne, ga shi ba sa son hular kwano. Idan na je dubiya nakan ce a fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashin kafin kowa ya taɓa shi, musamman in wuya ne ko gadon baya, inda jan mai ɗori zai iya kwantar da mutum har abada. Sannan nakan ja mahaifin gefe in ce masa, ranar da yaron ya warke ya tsaya yana kallon babur bai hau ba, kada a ce masa rago, kada kuma a yi saurin sayar da babur ɗin.